Wanda Ya Koma Ɗakin Wuta

Durban, Janairu 1972

Zuwa ga 'yata Somoe 'yar Famau, a Lamu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa. Ina gaishe da mahaifiyarki Mwanaidi in Allah ya sa tana raye, da maigidanki da yara. Ni dai lafiya lau, sai ciwon gwiwa na tsufa da tarin da ƙurar kwal ta bar min.

Ba ki san ni ba. Sunana Kombo ɗan Shebwana. Kakata da kakar mahaifinki ciki ɗaya suka fito. A unguwar Langoni muka tashi ni da shi, tare muka bar gida muka shiga aikin zuba kwal a jirgin Turawa. Rabon da in gan ki tun kina goye, kina tsotsar bakin zanen uwarki a bakin ruwa. Wani mai dafa abinci a jirgin Girkawa, Sudi, mutumin Mombasa, shi ya ba ni labarinki, wai ke ce ungozomar da ta karɓi haihuwar ƙanwarsa. Shi zai riƙo wannan takarda, don ban yarda da gidan waya tsakanin ƙasarku da wannan ƙasa ba.

Ga dalilin rubutuna. Bana shekara talatin ke nan da aka nutsar da jirginmu, Dunavar, a lokacin yaƙi. Cikin waɗanda suka tsira mu kaɗan muka rage. Akwai wani Bature, Mista Renwik, wanda a lokacin yake ƙaramin injiniya, shi ya tashi tsaye ya ce ba zai mutu ba sai an kafa dutse da sunan mahaifinki a kan tudun da ke kallon tashar jiragen nan. Kwamitin tsofaffin ma'aikatan jirgi ya yarda. A watan Yuli za a yi taron, har da masu busa.

Sai dai sun ce ba za su sassaƙa suna da faɗar bakina ba, sai da takarda daga iyalinsa. Don haka ki je wurin alƙali ya rubuta cikakken sunansa da na ubansa da na kakansa, ya buga hatimi, ki ba Sudi. Kada ki yi jinkiri, mai sassaƙa dutse ba ya jira.

Ki gaya wa Mwanaidi ta yi farin ciki. Jaruntakar da mijinta ya yi, wadda kuka sani muka sani, yau duniya za ta ji ta. Ba kowace mace ce Allah ya ba irin wannan miji ba.

Allah ya raya zuriya.

Baffanki, Kombo.

Lamu, Maris 1972

Zuwa ga Kombo ɗan Shebwana.

Wa alaikumus salam. Na amsa ne domin amsa sallama wajibi ne. Muna lafiya. Inna tana raye, idonta ne ya yi rauni. Maigidana Shee yana sassaƙa jiragen ruwa, yaranmu uku. Ka tambaya, na gaya maka.

Na tambayi tsofaffin Langoni, sun ce gaskiya ne akwai zumunta, don haka zan ce maka Baffa. To Baffa, ina kake shekara talatin?

Ka ce jaruntakar da muka sani. Bari in gaya maka abin da muka sani. Kamfani ya aiko da wata 'yar takarda mai layi biyu, aka fassara wa Inna cewa ya ɓata. Ba su ce ya mutu ba. Bayan yaƙi wani ya dawo daga kudu ya ce ya ga mutanen Dunavar a Durban suna cin duniyarsu, ya ce ya gan ka da idonsa, har ka yi aure. Mutanen gari suka ce ai inda Kombo yake nan Famau yake, tun suna yara ba a raba su. Shi ke nan magana ta zauna, wai ubana ya sami wata a can ya manta da mu.

Da wannan na tashi. A makarantar allo 'yar gudajje ake ce min. Da na isa aure, gida biyu suka fasa saboda shi. Inna ta kankare kwakwa a gidajen masu hali har yatsunta suka lanƙwashe, ta yi saƙar tabarma da fitilar aci-bal-bal har idonta ya tafi. Tana da kyau a lokacin, maza sun zo, cikinsu har da wani mai kanti mutumin kirki. Alƙali ya ce zai raba auren bisa hujjar miji ya gudu ya bar ta ba ci ba sha. Inna ta tashi ta naɗe tabarmarta ta ce ba za ta buɗe baki a gaban shari'a ta ce Famau ya gudu ba, ko da za ta mutu a haka. Ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba, ita ba mai takaba ba. Ba a yi masa salla ba. Ba a zauna makoki ba. Ko sadakar uku ba a yi ba, don wa zai yi sadakar mutumin da aka ce yana can yana cin shinkafar wata?

Kai kuma kana can da bakinka da idon da ya gani. Kalma ɗaya a gaban shaidu da ta isa. Jirage nawa suka taso daga Durban zuwa Mombasa a shekarun nan? Sai yau da Bature ya tuna, kai ma ka tuna. Sai yau da za a yi busa.

Kuma ka ce mu yi farin ciki saboda dutse. Dutsen da ba za mu taɓa gani ba, a ƙasar da ko mun zo ba za a bar mu mu zauna a benci ɗaya da masu taron ba.

Ba zan je wurin alƙali ba. Ban karanta wa Inna takardarka ba, kuma ba zan karanta ba, don ban san me ke cikinta ba sai kirari. In kana da magana, faɗi yadda ya mutu, in har ya mutu. In kuma yana nan kusa da kai yana gaya maka abin da za ka rubuta, ka ce masa ban gaishe shi ba.

Somoe.

Durban, Afrilu 1972

Zuwa ga Somoe.

Bayan sallama, na ji kuna lafiya, na gode Allah. Gwiwata ta yi sauƙi. Takardarki kuwa ta kwantar da ni, ba don ciwo ba, don baƙin ciki. Ba a taɓa zagina haka ba tun da na bar hannun Turawan jirgi. Amma ba zagina ne ya ƙona ni ba, layinki na ƙarshe ne. Ki nemi gafarar Allah a kansa.

Kin ce in faɗi yadda ya mutu. Ga shi.

Mun taso daga nan da kayan soja, za mu arewa, za mu tsaya Mombasa. Famau ya riga ya nemi izini zai sauka ya zo ya gan ku. Da hantsi ne, ni da shi mun gama aikinmu mun hau sama muna shan iska, sai jirgin ƙarƙashin ruwa ya harbe mu a tsakiyar ciki. Bututun tururi ya fashe. Duk wanda ke ɗakin wuta a lokacin ya dahu a inda yake tsaye. Jirgi ya karkace yana shan ruwa, amma inji bai mutu ba, yana ta gudu da mu, farfela tana juyawa a baya rabinta a waje.

Aka saukar da kwale-kwalen ceto na farko. Yana taɓa ruwa gudun jirgi ya kifar da shi, ya ja mutanen ciki zuwa farfela. Ba zan rubuta miki abin da na gani ba. Ruwan bayanmu ya koma ja. Kyaftin yana ta ihu a bututun magana a tsayar da inji, ba mai amsawa, don duk sun mutu. Kowa ya gane cewa in ba a rufe tururi ba, na biyu ma haka zai yi, na uku ma haka.

Ubanki ƙafarsa ɗaya tana cikin kwale-kwale na biyu. Ya dubi bayan jirgi, ya dube ni. Ya fitar da ƙafar, ya ɗauki wani buhu ya tsoma a bokitin ruwa ya yafa a ka. Na riƙe rigarsa. Ya buge hannuna ya ce, "Riƙe min gurbina, yanzu zan dawo." Ba wanda ya aike shi. Akwai manya masu igiya a kafaɗa a wurin, suna tsaye suna kallon juna.

Na bi shi har bakin matakala. Tururi yana fitowa kamar daga bakin tukunya, ba a ganin komai. Na riƙe ƙofar ƙarfe don kada karkacewar jirgi ta rufe ta a kansa, a nan hannuwana suka tafi. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji rawar da ke ƙarƙashin ƙafata ta ragu, ta ragu, ta tsaya. Na kira sunansa har muryata ta dishe. Mista Renwik da wani Bazulu abokin aikinmu, Ndaba, su suka ɓamɓare ni daga ƙofar, fatar tafina ta zauna a jikinta. Muka sauka lafiya, mu ashirin da wani abu. Muna kallo jirgin ya tafi da shi.

Wannan shi ne mutumin da kika ce kada a gaishe shi.

Kin ce na yi shiru. A asibitin Turawan Fotugal na kwanta wata da watanni ana ba ni abinci a baki. A can na roƙi wani nahoda, wato shugaban jirgin ruwa, mutumin Pemba, na ce in jirginsa ya kai Lamu ya nemi gidan kakanki Lali ya faɗa. Na gaya wa akawun kamfani, ya rubuta ina gani. Ta ina zan san ba a kai ba? Hannuna na dama yatsunsa a manne suke har yau. Wannan rubutun da kike gani da hagu na koya, ina da furfura. Ba jirgin da ke ɗaukar mutum marar hannu. Gadi na samu a masaukin ma'aikatan jirgi, da shi na ci abinci. Duniyar da aka ce ina ci ke nan. Ba zan nemi gafararki a kan abin da ban yi ba.

Mutanen Langoni kuwa da suka zauna a inuwa suna shan gahawa suna cin naman wanda ya fi su, Allah yana jiransu.

Abu ɗaya ya rage. Adakarsa da ya bari a nan Durban tana wurina har yau, a ɗakina take, ban taɓa bari ta wulaƙanta ba. In kun yarda zan aiko muku da ita, don a wurinku ya kamata ta zauna.

Har yanzu ina jiran takardar alƙali. Lokaci yana ƙurewa.

Baffanki, ko kin so ko kin ƙi, Kombo.

Lamu, Yuni 1972

Baffa Kombo.

Sallama. Yara lafiya. Inna ba lafiya, kuma kai ne sanadi.

Takardarka ta iso a jiƙe. Iskar kudu ta tashi, igiyar ruwa ta shiga jirgin da ya kawo ta daga Mombasa, tawada ta zube a wurare. A asibiti aka ba ni. Na karanta har inda ya yafa buhu, na kasa ci gaba. Na bar aiki na ruga gida ko mayafi ban gyara ba. Na durƙusa gaban Inna na fara daga farko. Tana saurare hannunta a baki. Da na kai inda inji ya tsaya ta ce alhamdu lillahi, ta maimaita, ban taɓa ganin fuskarta haka ba tun da aka haife ni.

Sai na kai ƙarshe. Ban riga na duba wurin ba, bakina ya riga hankalina. Ruwa ya cinye kalma ɗaya, amma ba sai an gaya min ba, sauran ya isa: da ya bari a nan Durban tana wurina har yau, a ɗakina take, zan aiko muku da ita.

Inna ta ce in sake karantawa. Na sake. Sai ta ce, "To. Ashe mutanen gari ba su yi ƙarya duka ba." Ta kwanta ta juya fuska ga bango. Tun ranar ba ta cin abin kirki, sai ruwan kunu da nake ɗura mata. Ba ta zagi kowa ba, ba ta yi kuka ba. Shekara talatin gari guda ya kasa karya matar nan, kai ka karya ta da layi ɗaya.

Maƙwabciyarmu Nana Shali, wadda ita ta fi kowa yaɗa maganar tun farko, tana jin komai ta bango. Kafin la'asar ta shigo wai ta zo duba marar lafiya, tana tambaya ko baƙuwar da za a aiko mata ce ko 'ya, don a san ɗakin da za a share.

Ni ma ina tambaya. Matarsa ce ko 'yarsa? In mata ce, me take yi a ɗakinka? In 'ya ce, ka riƙe ta, ka aurar da ita, ka ba ta dutsen ma. Kada ƙafarta ta taka Lamu.

Kuma tunda kana son a yi maganar jarunta, bari in faɗi tawa. Ƙafarsa tana cikin kwale-kwale, ka ce. Hanyar gida a buɗe take. Ya dubi bayan jirgi, ya dube ka, ya tuna da mutum ashirin. Mu biyu fa? Akwai masu igiya a kafaɗa da ake biya don wannan, ya bar su tsaye ya tafi ya mutu musu, a yaƙin da ba na ubansa ba. Kowannenku ya koma ya haifi 'ya'ya ya ga jikoki. Kuɗin wannan jaruntakar ba shi kaɗai ya biya ba, mu ma mun biya, kuma ba wanda ya tambaye mu.

Kada ka ƙara rubuto min.

Somoe.

Durban, Agusta 1972

Somoe.

Sallama. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba. Takardarki ta yi wata biyu a hanya, jiya ta iso, ban rintsa ba. Ina roƙon Allah wannan ta sami Mwanaidi da rai.

Adaka ce, 'yar nan. Adakar katako mai maɗaurin tagulla, wadda ya ajiye a masauki kafin mu tashi. Zani biyu ne a ciki da aska da hula da kofin gwangwani. Ita ce matar, ita ce 'yar. Ke ungozoma ce, kin yi karatu, ruwa ya ci kalma ɗaya sai kika cike gurbin da maganar Nana Shali? Ni kika raina, na ji. Amma shi fa, me ya yi miki da har kika fi saurin yarda da mummuna a kansa?

Yau bayan azahar na tsaya a masallaci gaban liman da jama'a, na ɗora wannan mataccen hannun a kan Alƙur'ani. Ga abin da na faɗa, liman ya rubuta, na haɗo miki da hatiminsa a cikin leda don kada ruwa ya sake shiga tsakaninmu. Ni Kombo ɗan Shebwana na shaida cewa Famau ɗan Lali ya mutu a cikin jirgin Dunavar ina tsaye a bakin ƙofa. Na shaida bai taɓa auren wata mace ba bayan Mwanaidi, bai ajiye wata ba, ba shi da ɗa ko 'ya sai Somoe. In na yi ƙarya kada Allah ya nuna min rahamarsa. Ndaba ba Musulmi ba ne, amma ya zo har ƙofar masallaci da sandarsa ya dangwala yatsa shi ma.

Kin ce ya manta da ku biyu. Ban san abin da ke zuciyarsa ba a lokacin, ba zan ƙirƙira miki ba. Abin da na sani, in bai sauka ba shi ma farfela ce za ta ci shi tare da mu. Ba tsakanin ku da mu ya zaɓa ba.

Yanzu ki ji abin da taurin kanki ya jawo. An yi taron. Turawa a kan kujeru ƙarƙashin rumfa, mu baƙaƙe da Indiyawa a tsaye a rana bayan igiya. Aka yi busa, aka yaye ƙyalle. Da yake ba takarda daga iyali, kwamiti ya sassaƙa sunan da ake kiransa da shi a jirgi. Jimi. Haka suka rubuta, Jimi Lamu, mai zuba kwal. Sunan da wani shugaban ma'aikata ya laƙa masa don ya ce bakinsa ba zai iya Famau ba. Mista Renwik ya tashi yana kuka yana cewa Jimi ya cece shi, Jimi kaza, Jimi kaza, matan Turawa suna share ido.

Ban san lokacin da na tsallake igiyar ba, ni da gwiwar da ba ta hawa matakala. Na tsaya gaban rumfar na ce ba sunansa ke nan ba. Na faɗi sunan da ƙarfi, Famau ɗan Lali, na sake faɗa, na sake. Ɗan sanda ya murɗe min hannun nan na dama ya ja ni, hulata ta faɗi aka taka. Mista Renwik ya ce a sake ni, ba su saurare shi ba. Ina jin sa ta lasifika ana jana, yana ƙoƙarin faɗin sunan. Ya karya shi, amma ya faɗa. Na kwana biyu a rufe, surukina ya fito da ni.

Dutsen yana nan da Jimi a jikinsa, zai fi ni daɗewa, zai fi ki. Da kin taka zuwa gidan alƙali da ba haka ba. Wannan ban yafe miki ba tukuna.

Ki karanta wa uwarki shaidar nan yau ɗin da ta iso, kada ki jira gobe.

Kombo.

Lamu, Nuwamba 1972

Zuwa ga Baffa Kombo.

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da salla. Yaya hannun? Wanda ya murɗe shi, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Yara suna gaishe ka. Inna tana raye.

A tsakiyar azumi takardarka ta iso. Lokacin Inna ta rame har ina ɗaga ta da hannu ɗaya. Wannan karon na karanta ni kaɗai har ƙarshe kafin in shiga. Da na ce mata adaka ce, ba ta motsa ba. Na karanta shaidar, na sa yatsanta a kan hatimin. Ta daɗe tana shafawa. Sai ta juyo daga bangon, ta ce in sake karanta mata wurin da ya fitar da ƙafa ya koma. Da na gama ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Wawan Allah. Haka yake. Ko unguwa za mu sai ya koma ya duba ko an kashe murhu."

Daga nan ta ce in kawo mata farin zane. Na ce na me? Ta ce, "Mijina ya mutu. Takaba zan shiga."

Na ce mata malamai za su ce lokacinta ya wuce tuntuni. Ta ce malamai su faɗi nasu, ita yau aka gaya mata. A ranar ta ci shinkafa da romon kifi, ta ce mai takaba tana bukatar ƙarfi.

Shee ya kai shaidar masallacin Juma'a. Liman ya karanta daga farko har ƙarshe, har da labarin farfela, sannan aka yi wa Baba sallar ga'ib. Shee ya ce sahu ya fita har bakin ruwa, masu jirage sun bar lodin itace sun shiga. Ya ce tsofaffin da suka fi kowa baki a da su suka fi kowa sunkuyar da kai. Ni ban ji tausayinsu ba. Kwana uku mata suna shigowa ta'aziyyar da ta makara shekara talatin. Nana Shali ta zo ta rakuɓe a bakin ƙofa. Na tashi zan kore ta, Inna ta ce a ba ta tabarma a gaba, kuma in sake karanta shaidar da ƙarfi don Nana kunnenta ya yi nauyi. Na karanta har masu wucewa da jakuna suka tsaya a lungu.

Maganar dutse, ka ce ba ka yafe min ba. Ka riƙe. Ni ma ban yafe maka shirun shekara talatin ba, nahoda ko ba nahoda. Mutanen da suka ci ransa suka kasa koyon sunansa, ba takardar alƙali ce za ta gyara su ba. Dutsensu ne, su riƙe Jiminsu. Amma na gaya wa yarana cewa suna da kaka a Durban da ya tsallake igiya, babban yanzu ba shi da wasa sai wannan.

Shi ma Baba ban gama fushi da shi ba. Na ji abin da ka ce game da farfela, hankalina ya yarda, cikina bai yarda ba. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, ina tashi da haushinsa. Wataƙila haka zan mutu.

Yanzu ga abin da nake so. Kada ka ƙara rubuto min jarunta, na ƙoshi, duk gari yanzu ita ake yi, har waɗanda ba su san shi ba suna cewa tare suka yi iyo. Jiya na tambayi Inna kamanninsa. Ta ce shekara biyu kawai suka yi, rabinta yana teku, ba hoto, kuma fuskar ta daɗe da ɓace mata, ta dai ji kunyar faɗa. Kai kaɗai ka rage da ka san ta.

Dogo ne ko gajere? Me ke ba shi dariya? Yana da saurin fushi? Ina da wushirya, Inna ba ta da ita, ba kowa a danginta mai ita. Ka rubuto ka gaya min ko tasa ce.

Ka sa a leda.

'Yarka, Somoe 'yar Famau.